Jaririn Shekarar Sanƙarau

Saura sati uku cif a kawo sadakin Munawwara saƙon nan ya shigo wayarta. Ranar Laraba ce da hantsi, tana zaune a tsakar gidansu a Jajaye, ita da Innarta Zaituna suna ɓarar gyaɗar bana.

Daga shafin labarai na laburaren jami'arsu aka turo shi. Wai ranar Asabar laburare zai taso takanas har Rogo, su yi taron da suka sa wa suna Mayar da Murya Gida. Duk hirarrakin da ɗalibai suka naɗa daga bakin dattawan Rogo da Ƙaraye za a kunna su a lasifika a ɗakin taron sakandare, iyalai su saurara, kowa a ba shi kwafinsa. Na huɗu a jerin sunayen ga shi nan ɓaro-ɓaro: Marigayiya Ummu Hani Jajaye, sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awa ɗaya da minti goma.

"Inna! Za a sa muryar Iya a Rogo, kowa ya ji!"

"Allah sarki Iya," in ji Inna, ta share ido da gefen zani. "Allah ya kai haske kabarinta."

Iya, wato Ummu Hani, kakar Munawwara ce, wadda ta haifi Babanta Malam Muntaka. Shekara biyu ke nan da ta naɗi hirar don aikinta na kammala digiri, wata huɗu bayan nan Iya ta rasu. Da ta kai muryar ajiya laburare, wanda ya karɓa a teburin masu bincike shi ne Zubair, wani dogon Bafulatanin Ƙaraye mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron ya tashi mai barci. Fom ɗaya ya miƙa mata ta cike. Fom ɗin nan dai shi ya haɗa su, har yau ake maganar sadakin da Zubair zai kawo.

Sai ta sake duba sanarwar. Awa ɗaya da minti goma? Ita dai a saninta minti arba'in suka yi, su ta rubuta, su aka ba ta maki a kai. Ina sauran talatin suka fito?

Can ta tuna. An kira la'asar ranar, ta tashi alwala ta bar wayar a kan tabarma, ashe ba ta kashe ba. Ita kuma da shegen gaggawar ɗalibi, ko sau ɗaya ba ta taɓa sauraron hirar har ƙarshe ba.

Ta shige ɗaki tana murmushi, ta nemo kwafinta, ta ja shi zuwa minti na arba'in, ta kara a kunne.

Tarin Iya ta fara ji, sannan ƙarar munduwarta.

"To, kai na'ura, ta tafi ta bar mu. Ba a barin baƙo shiru. Bari in ba ka wani labari, tun da kai ba ka da bakin kai tsegumi."

Munawwara ta yi dariya har da hawaye. Iya ke nan!

"Shekarar sanƙarau, ina goyon autata Lami. Da rani Fulanin Abdulmumini suka sauka a gonarmu ta baya, shanunsu suna yi mana taki. Ciwon nan ya kayar da matarsa Bahijja, ba ta san inda kanta yake ba. Ga jariri ɗan wata biyu, namiji, yana ta tsala kuka, an ba shi nonon saniya ya ƙi. Ni kuwa na je kai musu kunu. Wallahi ban iya jurewa ba. Na zaga da shi bayan bukka na ba shi nawa. Kwana goma sha ɗaya ina zuwa da sunan kai kunu. Malam mijina bai sani ba, don da ya sani ya hana. Uwar ma da ta farfaɗo ban faɗa mata ba, kunya ta hana ni. Da damina ta faɗi suka koma wajen Ƙaraye. To ka ji, ina da ɗa a cikin Fulani, ko sunansa ban riƙe ba."

Wayar ta suɓuce daga hannunta ta faɗi kan katifa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bahijja sunan mahaifiyar Zubair ne. Abdulmumini sunan mahaifinsa. Sau nawa yana tsokanarta cewa shanunsu ne suka yi wa gonakin Jajaye taki, don haka duk gyaɗar da ta ci ta girma da hakkinsa a ciki? Ita kuwa ba jahila ba ce, ta yi islamiyya. Duk wanda ya sha nonon Iya ɗan Iya ne. Ƙanin Babanta ne. Aure tsakaninsu ya haramta har abada.

Wani irin tsoro ya kama ta, wanda ba ta taɓa jin irinsa ba.

Tana cikin haka ta jiyo sallama daga zaure, muryar da ko a mafarki ba ta son ji. Baffa Sulle ne, yayan Babanta, dillalin hatsi a Rogo. Tun ranar da Malam Muntaka ya amsa wa mutanen Ƙaraye, Baffa ya ɗaure fuska bai sake ba, don shi ɗansa Lukumanu ya so a ba.

Dole ta fito ta durƙusa.

"Baffa, ina kwana? An zo lafiya? Ya mutan gida?"

"Lafiya lau, 'yar boko. Me ya samu idonki?"

"Ƙurar gyaɗa ce, Baffa."

"Uhm." Ya juya wajen Inna. "Zaituna, an kawo min katin gayyata har rumfa. Wai za a kunna muryar uwata a bainar jama'a, kuma sai a kati zan gani. To zan je. A layin gaba zan zauna, Lukumanu zai kwashe mu a motarsa."

"Allah ya kai mu, Yaya," in ji Inna.

"Kuma ki faɗa wa mijinki, shi ya ba da baki, ni ban bayar ba. Yaron da ba mu san ciki da wajen gidansu ba! Ina nan ina bincike. Wallahi aibi ɗaya na samu, ko ya kai ƙwayar gero, maganar nan ta mutu. Lukumanu me ya rasa? Mota ce babu, ko shago? Ɗan'uwanta ne kuma, jini ɗaya."

Munawwara tana durƙushe, kanta a ƙasa. Aibin da Baffa yake yawon nema a Ƙaraye yana nan a kan katifarta. Ranar Asabar kuma za a zuba masa shi a kunne, da muryar uwarsa.

Bayan ya tafi ta koma ɗaki ta sake saurara, sau uku. A na ukun ne wani abu ya tsaya mata. Iya ba ta faɗi suna ba, ba ta faɗi shekara ba. Shekarar sanƙarau kawai ta ce, irin lissafin tsofaffi. Kuma ai Zubair ba shi kaɗai Bahijja ta haifa ba, yana da wa, Zaharaddini.

Laburaren yana da wani tsari, ka tura tambaya ta shafinsu, ma'aikatan sashen bincike su tono maka amsa kafin kwana ɗaya. Ta rubuta: "Don Allah wace shekara ce mutanen ƙasar Kano suke kira shekarar sanƙarau?" Ta sa tsohuwar lambarta ta ɗalibta ta tura. Sai da ya tafi ta dafe kai. Kai, Munawwara! Teburin wa tambayoyin nan suke sauka?

Ranar ko tuwo ba ta iya haɗiya ba.

Alhamis da safe amsa ta zo. Hoton shafin wata tsohuwar jarida ce da ta yi ja don daɗewa, da labarin annobar, da kwanan wata a sama: Maris, 1996. A ƙasa ya ƙara nasa: "Ranki ya daɗe, me ya haɗa amarya da sanƙarau? Sashen bincike yana gaisuwa."

1996!

Ta san katin aikin Zubair kamar tafin hannunta, kullum yana rataye a wuyansa. 1999 aka rubuta. Shekara uku tsakani! Ashe Zaharaddini ne jaririn. Kuma nono wanda ya sha kaɗai yake kamawa, ba ya tsallakawa kan ƙaninsa. Nan take ta kifa goshi a ƙasa ta yi sujada, tana kuka tana dariya, har Inna ta leƙo ta ce ko aljanu ne suka taɓa ta.

Amma fa zuciya ba ta kwanta duka ba. Wani ɗan guntun tsoro ya maƙale mata a ƙirji, ya ƙi sauka. So take ta ji daga bakinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ce wa Inna za ta je taya mutanen laburare shirya wuri. Ta hau acaɓa zuwa Rogo.

Ta same shi a ɗakin taron shi kaɗai, abokan aikinsa sun fita neman abinci. An jera fararen kujeru, an rataye hotunan dattawa a bango, ga Iya a tsakiya da turminta. Yana durƙushe yana haɗa wayar lasifika, katin nan yana lilo a wuyansa.

"A'a! Amarya da kanta? Sannu da zuwa. Ya su Inna? Ya Baba?"

"Suna lafiya. Malam Zubair, ka saurari hirar Iya?"

"Ni? Na ƙi da gangan. Sadiƙa abokiyar aikina ce ta yi mata taƙaitaccen bayani. Na ce muryar da ta haɗa ni da ke, sai ina kallonki zan ji ta." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, sai ya lura da fuskarta. "Lafiya? Kin rame cikin kwana biyu."

"Zauna ka ji wani abu. Amma kar ka tsorata, na riga na bincika, ba kai ba ne."

Ta kunna masa daga minti na arba'in.

Da Iya ta ce na'ura ba ta da bakin tsegumi ya yi dariya. Da ta ambaci Abdulmumini dariyar ta tsaya. Da ta kai kan kwana goma sha ɗaya, sai ya sa hannu ya dafe kujerar gabansa.

Ta kashe da sauri.

"Ka gani? Yaya Zaharaddini ne. Kai da kanka ka turo min jaridar, casa'in da shida. Kai kuma casa'in da tara ne. Ko ba haka ba?"

Ya dubi katin da ke wuyansa.

"Malam Zubair, ko ba haka ba?"

"Munawwara." Muryarsa ta dushe. "Kin san Yaya Zaharaddini ba ya ji da kunnen hagu."

"Na sani. Me ya kawo wannan?"

"Sanƙarau ne ya kashe masa shi. Tare suka kwanta da Dada mahaifiyarmu. Yana da shekara huɗu, yana bin maruƙa."

Ta kama bakin tebur.

"To wani ne a tsakaninku. Wanda ya rasu. Ai akan yi, ko? Ka tuna da kyau, don Allah ka tuna!"

"Babu kowa a tsakaninmu."

"Amma katinka..."

Ya cire katin daga wuyansa a hankali, ya ajiye a kan tebur kamar abin da ya ƙona shi.

"Shekarun takarda ne. Mu 'ya'yan ruga ba ma shiga makaranta da wuri. Ina da tara aka kai ni aji ɗaya, aka ce na yi girma. Sai aka yi min takardar rantsuwa aka rage uku. Rabin 'yan ajinmu haka aka yi musu. Na daɗe da mantawa, wallahi har ni kaina na yarda da ita. Amma Dada kullum in ta so tsokanata cewa take, kai da ka ƙi nonon saniya amma ka rayu, ba a san da me ka rayu ba."

Wani kuka ya ƙwace wa Munawwara, ta toshe baki da mayafi don kar na waje su ji.

"Wayyo Allah na! Wayyo Iya, me ya sa ba ki faɗa ba? Me ya sa sai na'ura kika faɗa wa?"

"Ki yi shiru, don Allah ki yi shiru." Shi ma hawayen ne ke bin fuskarsa, bai ko share ba. Ya shiga kai-kawo tsakanin kujeru, sai ya tsaya cak. Ya buɗe jakarsa ya zaro wata takarda.

"Saurara. Akwai hanya. Ƙa'idar laburare ce, ba ni na ƙirƙira ba. Duk wanda ya kawo murya ajiya yana da ikon rufe ta. Ki sa hannu a nan, a cire ta daga taron gobe, a kulle ta shekara talatin. Ba mai jin ta, ko shugaban laburare. Ba a ma tambayar dalili. Ni ba ni da ikon yi, ke kika kawo, ke kaɗai za ki iya. Amma sai kafin ƙarfe huɗu, lokacin za a buga jerin gobe."

Ta ɗaga ido ta dubi agogon bango. Uku da minti arba'in.

"Sadiƙa fa? Ai ta ji."

"Ba ta san sunan uwata ba. Duk duniya daga ni sai ke."

Ya miƙo biro. Ta karɓa. Wallahi ta karɓa, kar wani ya yi mata ƙaryar waliyyaka. Son Zubair ya riga ya yi mata saiwa, kuma tana hango Baffa Sulle a layin gaba yana gyaɗa kai, Lukumanu a bayansa yana kaɗa makullin mota. Ta ɗora biron a kan layin. Hannun ya ƙi tafiya.

"Shekara talatin," ta ce a hankali. "Lokacin 'ya'yanmu sun girma. Sai wata ɗaliba ta zo ta cike fom, a kunna mata."

"Kafin nan Allah ya kawo mafita. Kuma ki duba, mace ɗaya ce ta faɗa, ta rasu, ba wanda ya gani. In aka kai gaban malamai, wataƙila su ce shaida ba ta cika ba."

"To mu kai musu mana."

Ya kawar da kai gefe.

"Ka gani? Kai ma tsoro kake ji. Malam Zubair, Iya ba ta san da kai ba, ba ta san zan haɗu da kai ba. Me za ta samu in ta yi wa na'ura ƙarya? Ko sun ce shaida ba ta cika ba, ni na ji. Kai ma ka ji. Da wane ido zan dube ka a ɗaki? Da wace fuska zan tayar da kabbara?"

"Munawwara, zan mutu. Wallahi in na rasa ki ban san inda zan sa kaina ba."

"Ni ma haka." Ta fashe da kuka sosai. "Ni ma haka! Tun shekaranjiya nake roƙon Allah ya sa ƙarya ce. Har sujada na yi a kan katin nan. Ina tsoron Baffa, ina tsoron bakin mutanen Jajaye, ina tsoron rayuwar da babu kai a ciki. Amma wannan takardar ta fi su duka ba ni tsoro."

"Minti biyar ya rage. Ki rufe kawai, mu samu lokacin tunani. Ban ce ki aure ni a kan haram ba. Lokaci kawai."

"In na rufe yau, ba zan taɓa buɗewa ba. Na san kaina. Kai ma ka san kanka."

Daga waje suka jiyo hayaniyar abokan aikinsa suna dawowa, ana ta dariya. Munawwara ta ajiye biron a kan takardar, layin yana nan fari tas. Ta goge fuska, ta gyara mayafinta ta rufe har goshi, abin da ba ta saba yi a gabansa ba.

"Baba ba zai ji wannan a lasifika ba. Daga bakina zai ji, kafin magariba. Kai ma ka je Ƙaraye ka faɗa wa Dada wadda ta rayar mata da ɗa. Ta cancanci ta sani, ko addu'a ta yi mata."

Ta juya ta nufi ƙofa. Ta wuce kujerun layin gaba, ta wuce hoton Iya ba ta iya ɗaga kai ta dube shi ba.

"Munawwara!"

Yadda Zubair ya kira sunan, da ƙarfi, da muryar da ba ta taɓa jin ya ɗaga ba, shi ya tsayar da ita a bakin ƙofa. Ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Jikinta ne ya yi abin da aka koya masa tun tana ƙarama, in ɗan'uwan uba ya yi kira. Gwiwoyinta suka kai ƙasa, kanta ya sunkuya.

"Na'am, Baffa."